Bargo Mai Noti Goma Sha Shida

Shekara talatin da huɗu maigidana ya yi yana jan babbar mota. Da ya ajiye aiki sai ya dawo ya tare mini a falo, mutumin da ya saba ba titi umarni ya rasa wanda zai ba sai ni da fanka. Wannan duk na daure. Abin da ya kusa kai ni asibitin ƙwaƙwalwa ya fara ne ranar da muka je duba 'yarmu, cikinta ya shiga wata tara, muka tarar surukinmu, uban mijinta, ya riga mu isa.

Shi surukin nan kafinta ne. Magana yake yi a hankali kamar mai tsoron tada barci, amma kowace kalma tasa da ƙusa a bakinta. Ya kawo gadon jariri da ya ƙera da hannunsa, kuma ko maƙiyi ya gani sai ya yaba. Jan katako ne, an goge shi har mutum yana ganin haƙoransa a jiki. Mata sai shafawa suke yi suna sa albarka.

"Ba wani abu ba ne," in ji Kafinta, yana share ƙurar da babu ita. "Ɗan abin da hannu ya iya ne. Jikan fari ai sai da abin hannun kaka." Sai ya juyo wajen maigidana. "Kai kuma Malam, ba a ɗora maka nauyi ba. In an sauka lafiya ka zo ka danna masa hon, ya san kakansa na wajen uwa ya iso."

Aka kwashe da dariya. Ni ban yi ba, domin na ga kunnen maigidana ya fara motsi, kuma duk ranar da kunnen nan ya motsa sai wani abu ya lalace.

"Gado ba bargo ai akwati ne," ya ce. "Bargon da za a shimfiɗa a ciki ni zan ɗinka shi. Da hannuna. Irin wanda ake haɗa ƙyallaye ɗari a sa auduga a tsakiya a bi da ɗinki."

"Baba, dama ka iya ɗinki?" in ji 'yar.

"Keken ɗinki ba inji ba ne? Wanda ya ja taya goma sha takwas, allura ɗaya ce za ta gagare shi?"

"Allah ya nuna mana," in ji Kafinta. "Ranar da aka dawo daga asibiti sai mu gani a gaban kowa."

Muna saukowa daga bene na ce, "Maigida, ko maɓallin rigarka fa ba ka taɓa sawa ba."

"Don ba a taɓa yi mini gori a kan maɓalli ba," ya ce.

Keken nawa ne. Ɗan ƙarami ne na lantarki, mai abin takawa a ƙasa, da shi nake faci da cin bakin labule. Washegari da safe maigida ya ɗora shi a teburin cin abinci, ya zagaya shi sau biyu hannu a baya, ya shuri ƙafar tebur kamar mai gwada iskar taya. Ya buɗe gefe ya sansana.

"An bar injin nan da ƙishi."

Kafin in ajiye tsintsiya ya tsiyaya masa baƙin mai na mota, rabin kofi.

'Yarmu ta turo masa bidiyo a waya, wata mata tana koyar da irin bargon, minti arba'in. Ya kalli wajen da take gaisuwa, ya ja da yatsa zuwa ƙarshe inda take ɗaga bargo tana murmushi, ya kife wayar.

"Ba za ka kalli tsakiyar ba?"

"Na ga tasha, na ga masauki. Abin da ke tsakani hanya ce, hanya kuwa ba mace a waya ce za ta nuna mini ba."

Ya zauna, ya gyara kujera gaba da baya, ya sa ƙyalle, ya ɗora ƙafa a kan abin takawa, wanda tuni ya raɗa wa suna totur. Ya taka har ƙasa. Keke ya kurma ihu, ƙyallen ya fice ta baya da baƙin layi a jikinsa ya faɗa bayan tebur, allura ta ce tas, tsininta ya tashi ya tsaga gilashin agogon bango.

"Ina birkinsa?" ya daka mini tsawa.

"Ɗaga ƙafarka! Shi ne birkin!"

"Wane mahaukaci ne ya ƙera inji ba birki?"

Aka zo yanka. Ya kwaso tsofaffin rigunansa, da ragowar yadikana, da labulen kicin wanda ban ce na gaji da shi ba. Na miƙa masa tef ɗin awo, ya ture hannuna. Wai idon da ya shigar da tirela lungun kasuwa bai taɓa taɓa rumfar kowa ba, ba ya bukatar tef. Haka ya yi ta datsa. Wani yanki ya fito kamar tafin hannu, wani kamar faranti, wani kamar gonar gado da 'yan'uwa suka yi rigima a kanta. Da ya haɗa layin farko da na biyu, sai na farko ya fi tsawo da taƙi guda.

"Warware ka sake," na ce.

"Ban taɓa juya mota don na ɓata hanya ba. Gaba ake yi, a can za ta haɗe."

Sai ya ƙara wa gajeren. Gajeren ya zarce dogon. Ya ƙara wa dogon. Ranar kwana na biyar bargon jariri ya rufe teburin cin abinci ruf, ya zubo ƙasa ta kowane gefe, muna cin abinci a tsaye a kicin kamar baƙin da ba a so.

"Maigida, jariri ɗaya likita ya ce fa."

"Jariri girma yake yi. Ko so kike duk shekara in zauna sabon ɗinki?"

Da na ga abin ya fi ƙarfin bakina, wanda ba ƙaramin baki ba ne, sai na ƙwanƙwasa wa maƙwabciyarmu ta ƙofar gaba. Tela ce, shekararta ashirin a kan keke. Ta shigo ta tsaya a kan bargon, ta dube shi sama da ƙasa, sannan ta ja salati.

"Malam, abin nan hawa uku ne kacal," ta ce. "Na sama mai ado, auduga 'yar siririya a tsakiya, sai na ƙasa. Ka kama su da fil ko'ina kada su zame. Sannan ka fara ɗinki daga tsakiya kana fita gefe."

"Daga tsakiya? Malama, a ina kika taɓa ganin an fara tafiya daga tsakiyar hanya?"

Ba ta ja da shi ba. Ta koma ɗakinta ta kawo masa audugar da ake sawa, fara sol, shimfiɗaɗɗiya kamar mayafi. Ya ɗora ta a tafin hannu yana jinjinawa, fuskarsa ta ɓaci.

"Wannan ce za ta shiga ciki? Ai motar za ta tashi ba lodi ke nan. Ni in tada mota wayam? Kafinta ya ɗaga da yatsa biyu ya ce direba ya kawo hankici?"

"Jariri ne fa zai rufa, Malam, ba buhun siminti ba."

"To kin gani. Siminti ma rufe shi ake yi da kyau, balle jinina."

Tela ta dube ni, na dube ta. A bakin ƙofa ta riƙe hannuna ta ce, "Yaya, don girman Allah ranar da za a kai shi a kira ni. Ko wanka nake zan fito."

Daga nan aka shiga lodi. Audugar Tela ta shiga. Tsohon bargonmu na sanyi ya bi ta. Tawul uku suka bi. Da rana na zo zama a kujerar falo sai na ji ni a kan katako, ashe soson ma ya tafi. Na ƙarshe shi ne tamfol, wani kore mai kaurin fatar sa da ya ɓoye a ƙarƙashin gado tun zamanin mota.

"Tamfol kuma na mene ne?"

"Jariri ba ya fitsari? Ruwan kwana uku ya sauka a kan tamfol ɗin nan, ko buhu ɗaya bai jiƙe ba."

Hawa tara na ƙirga. Bakin keke kuwa, inda ƙyalle ke wucewa ƙarƙashin allura, ko ɗan yatsana ba ya shiga. Maigida ya zauna a kan bargon, ya tsaya a kai, ya yi tsalle har maƙwabcin ƙasa ya bugo silin da sandar goge-goge. Bargo bai ragu ba.

Sai ga Mai Faci. Shi ne abokinsa na bakin titi, mai gyaran taya, mutumin da tunda nake ban taɓa jin ya ba da shawarar da ta ƙare lafiya ba. Ya tsuguna ya danna da babban yatsa.

"Wannan ai ba aikin ƙafar mutum ba ne, Direba. A kai shi titi mota ta danne."

"Ka ji maganar masu ilimi," in ji maigida, yana harara ta.

Da la'asar sakaliya, lokacin da kowa ke dawowa daga aiki, suka shimfiɗa shi a tsakiyar titinmu. Motar farko ta rage gudu ta hau a hankali ta sauka. Ta biyu ma haka. Wani mai tasi ya leƙo da kai yana tsine wa duk wanda ya sa tudun rage gudu ba sanarwa. Maigida kuwa yana tsaye a gefe yana ɗaga hannu.

"Taka, ɗan'uwa, taka! Yi ribas ka sake!"

Tagogi suka cika da kawuna. Mai shagon ƙasan bene ya fito yana goge hannu.

"Malam, titin kake yi wa faci? Ai ramin yana can gaba."

"Bargon jikana ne."

"Allah sarki. Jikan giwa ce?"

"Jikan mai sana'a ne. Kai da sana'arka miƙo sabulu, me ka sani?"

Sai da tankar ruwa ta bi ta kai sau biyu sannan ya yarda. Bargo ya dawo gida da zanen taya daga wannan gefe zuwa wancan. Na nuna masa, ya ce wannan ado ne da kafinta ba zai iya sassaƙawa ba ko zai shekara.

Duk da haka bargo bai shiga bakin keke ba, sai da maigida ya kwance ƙafar keken da ke danne ƙyalle ya cusa gefe ɗaya da ƙarfin tsiya. Sannan ya raba aiki. Mai Faci a bayan tebur yana ja, ni a gaba ina turawa, shi a kan totur. Kada ku tambaye ni me ya sa na yarda. Shekara talatin da tara na aure tana sa mace ta yi abin da ko a mafarki ba ta zata ba.

"A tura! Ɗaya, biyu, a tura!"

Allura ta ce tas. Aka sa wata. Tas. Keke ya fara tafiya da kansa a kan tebur yana nufar gefe, maigida yana bin sa da kujera. A allura ta goma sha ɗaya na ji wari kamar an ƙona gashi. Keke ya yi wani irin kuka na akuyar da ƙofa ta datse, ya tofo hayaƙi, wutar benen gaba ɗaya ta ɗauke. Daga sama wata ta yi ihu cewa tana tsakiyar guga. Daga ƙasa wani ya ce ana gab da cin ƙwallo.

A nan na saki bakina. Na faɗa masa abin da ke raina tun daga labulen kicin har zuwa wata magana da ya yi wa ƙanwata shekara ashirin da suka wuce. Mai Faci ya laɓe bayan firij. Maigida ya jira har numfashina ya ƙare.

"Injin ƙarami ne," ya ce. "Na faɗa tun farko."

"Yaushe ka faɗa?"

"A zuciyata."

Na ɗauka an gama ke nan. Ina! Kashegari na dawo daga kasuwa na tarar da su biyu a baranda da murhu, suna gasa ƙarfe suna huda bargo. Tunda allura ta ƙi, wai ƙusa mai noti za ta riƙe hawa taran. Goma sha shida suka sa, huɗu-huɗu a jere, maigida yana bi da sifana yana ɗaurewa har sai ya yi nishi.

"Kan ƙarfen nan zai fasa wa jariri goshi," na ce.

"Kin ga, wannan maganar hankali ce," ya ce. Ya yanko ƙyalle ya ɗaura wa kowane noti 'yar hula.

Ranar Talata da safe 'yarmu ta sauka lafiya, aka samu mace, kyakkyawa, mai hancin gidanmu ko da me dangin uban za su ce. Ranar Alhamis da rana aka sallamo su. Falonsu ya cika da dangi ta kowane ɓangare, gado yana tsakiya yana ƙyalli, Kafinta yana zaune kusa da shi kamar wanda za a ɗauka hoto. Ni na riga su zuwa, na karɓi jaririya na rungume, na nemi kusurwa mai nisa na zauna. Tela tana gefena, ta ƙi karɓar ko ruwa kada ta rasa wani abu.

Tun daga ƙasan bene muka fara jin muryarsa.

"Zo, zo, zo! Tsaya! Karya hagu! Hagu na ce, kai ba ka san hagunka ba?"

Bargon ba ya naɗuwa, ba ya lanƙwasuwa. Mutum huɗu suka hau da shi hawa uku a karkace: maigida, Mai Faci, mai shago wanda ya rufe shagonsa don kallo aka kama shi da aiki, sai mijin 'yarmu, bawan Allah, wanda kunyar suruki ta hana shi gudu. Da suka shigo suka dire shi a ƙasa, kofunan da ke kan tebur suka yi ƙara.

Kafinta ya tashi a hankali, ya zagaya shi, ya ƙwanƙwasa da bayan yatsa. Bargo ya amsa.

"Malam, ƙofa ce? Ai da ka faɗa mini da na zo da makulli na sa mata."

"Bargo ne. Hawa tara. Ruwa ba ya ratsa shi, sanyi ba ya ratsa shi."

"Jaririyar fa, tana ratsa shi in tana son fitowa?"

'Yarmu, da yake ta gaji hankalina, ta yi maza ta ce, "Baba, ya yi kyau ƙwarai, Allah ya saka. A jingina shi a bango tukuna, in ta yi wayo sai a sa mata."

Na yi wa maigida ido. Na yi masa tari. Ga hanya an buɗe masa ya fita da mutuncinsa, har na ga ya fara gyaɗa kai. Sai Kafinta ya koma kujerarsa, ya gyara riga, ya ce da ƙaramar muryar nan tasa, "Gaskiya ne, a jingina. Dama ba kowane kaya ake ɗora wa gado irin wannan ba."

Kunne ya motsa.

"A ɗaga!" in ji maigida.

"Baba, don Allah..."

"A ɗaga na ce! Yau sai an ga wanda ya yi aiki da wanda ya yi kwalliya!"

Suka ɗaga. Ciki dai ba zai shiga ba, ya ninka gadon sau uku, sai suka ɗora shi a kan bakin gadon kamar murfin rijiya. Suka ja da baya. Gado ya tsaya. Maigida ya juyo ya dubi jama'a ɗaya bayan ɗaya, ya buɗe hannuwa.

"To? Ina masu magana?"

Sai gado ya ce ƙiiiƙ. Ya ɗan yi shiru kamar mai shawara. Sannan ƙafafu huɗu suka kama hanya huɗu, komai ya zube ƙasa rigijib, ƙura ta tashi, wata gwaggon mijin ta tsinci kanta a kan kujera a tsaye ba ta san lokacin da ta hau ba. Tela ta cusa mayafi a baki, kafaɗunta suna rawa.

Kafinta ya sunkuya ya ɗauki ƙafa ɗaya ta gadon. "Wata biyu," ya ce. "Wata biyu ina goge katakon nan."

Maigida bai ma ji shi ba. Ya tsuguna yana bin noti ɗaya bayan ɗaya yana murzawa. Ya miƙe yana kaɗe gwiwa.

"Jama'a ku shaida, ko ɗaya bai kwance ba. Malam, ka gode mini. Gara da aka gwada gadon da lodi kafin a sa mutum. Nan gaba ka yi da ƙarfe."

Ranar na fara jin Kafinta ya ɗaga murya, ashe yana da ita. Ya ce direba ya kawo kwalta gidan haihuwa. Maigida ya ce kafinta ya kawo ashana ya kira ta gado. Kafinta ya ɗaga ƙafar gadon sama, maigida ya laluba aljihu ya zaro sifana. Jaririya ta farka ta tsala kuka.

Sai 'yarmu ta miƙe, ita da ko tafiya ba ta gama iyawa ba, ta nuna ƙofa.

"Baba, da kai da Baba, ku ɗauki abin nan ku fitar mini da shi. Ku biyu. Kada wanda ya taya su. Kuma kada in ga ƙeyar ɗayanku sai akwai inda yarinyar nan za ta kwanta."

Ba wanda ya taɓa jin ta yi wa babba magana haka, shi ya sa ba wanda ya yi musu. Tsofaffi biyu suka kama bargo suna nishi, maigida ta gaba ya fara sauka, Kafinta ta sama yana riƙe da ɗaya gefen. Mijin ya rufe ƙofa a hankali. Muka kasa kunne.

"Sassauta. Sassauta. Karya hagu, Malam. Hagu."

"Ina gani."

"Ba ka gani. Hagu!"

"Malam," muka ji Kafinta ya ce, muryarsa ta koma ƙasa kamar yadda ta saba, "wallahi in ka ƙara ce mini hagu, sakar maka shi zan yi."

Na san mijina, sai na sa tafin hannu na toshe wa jikata kunne.

"Hagu," in ji maigida.